Yadda ake sauraron mai damuwa kafin a ce masa "yi haƙuri"

Aikina jagoranci da ba wa ɗalibai shawara a wata sakandaren 'yan mata da ke Tudun Wada, nan Kaduna. Da yamma ma ba na rasa maƙwabciya ko 'yar'uwa da za ta yi sallama ta ce, "Malama, magana ce da ni." Abin da na lura da shi a wannan aikin shi ne, tausayi muna da shi, gaggawa ce take ɓata mana. Mutum bai gama furta abin da ke ransa ba mun tare shi da "yi haƙuri", mun ɗora da "ai ni ma haka ta taɓa faruwa da ni", mun rufe da "abin da za ka yi shi ne kaza". Sai ya yi godiya ya tashi da kayansa yadda ya zo da su. Ina so in bayyana wata hanya ta zama da mai damuwa wadda iyaye da malamai da yayye za su iya koya, ko da ba su taɓa shiga ajin ilimin halayyar ɗan Adam ba.

Hanyar ba ni na ƙirƙiro ta ba. Ta fito ne daga wani reshe na wannan ilimin da ya taso a Amurka tsakanin shekarun 1940 da 1960, wanda ya ɗora komai a kan mutunta mutum. Kafin nan ra'ayi biyu ne ke tashe. Almajiran Sigmund Freud suna ganin abin da ke juya mutum a binne yake can ƙasan zuciyarsa tun yarinta, kuma sai ƙwararre ne zai tono shi ya fassara masa. John Watson da B. F. Skinner kuwa suna ganin lada da horo ne ke sassaƙa hali, kuma yawancin gwaje-gwajen Skinner a kan ɓeraye da tattabaru ya yi su. Sai Abraham Maslow da Carl Rogers suka ce an manta da mutumin kansa, mai zaɓi, mai buri, wanda a cikinsa akwai ƙoƙarin gyaruwa da girma muddin ya sami yanayin da ya dace. Aka riƙa kiran tafarkinsu ƙarfi na uku, a 1961 kuma masu wannan ra'ayi suka fara fitar da mujallarsu.

Rogers, wanda ya rayu daga 1902 zuwa 1987, ya yi wajen shekara 12 yana aiki da yara masu matsala a birnin Rochester na jihar New York. Ya ba da labarin wata uwa da ta kawo ɗanta gagararre. Shi a nazarinsa ya gano cewa rashin jan yaron a jiki tun yana ƙarami ne tushen abin, ya yi ta ƙoƙarin nuna mata hakan a hankali, ba ta gani ba. Suka haƙura suka yi sallama. Har ta kai ƙofa sai ta juyo ta tambaye shi ko suna sauraron manya ma a wurin. Ta dawo ta zauna ta fara zazzage baƙin cikin aurenta, abin da duk zaman da suka yi a baya bai taɓo ba. Daga nan ne al'amura suka fara gyaruwa, har da na yaron. Rogers ya ce wannan ya koya masa cewa wanda ya zo da damuwar shi ya san inda ke ciwo da inda ya kamata maganar ta dosa. Mu dai mun daɗe da cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, aiki da maganar ne ba mu cika yi ba.

To, daga ina za a fara? Daga ciki da kwanciyar hankali. A 1943 Maslow ya jera buƙatun ɗan Adam hawa biyar: na jiki kamar ci da sha da barci, sai tsaro, sai ƙauna da samun waɗanda za a ce nasu ne, sai ƙima da mutunci, sai kuma mutum ya kai ga cikar baiwar da aka yi masa. Hoton dalar da ake zanawa a allo ba shi ya zana ba, wasu ne suka yi daga baya, kuma shi kansa bai ce dole sai an gama da hawa ɗaya kaf za a taka na gaba ba. Kowa ya san uwar da za ta kwana da yunwa don ɗanta ya ƙoshi. Amma jerin yana da amfani a aikace. Yarinyar da ta taso daga Rigasa da sassafe ba ta karya ba, ta taka rabin hanya da ƙafa saboda kuɗin Keke Napep bai kai ba, in ka zaunar da ita kana tambayar burinta na rayuwa, ɓata bakinka kake yi. Tambayata ta farko ita ce, "Kin karya?" In ta sunkuyar da kai, sai in aika a sayo ƙosai da koko mu sha tare. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Haka yaran da iyayensu suka baro ƙauyukan Birnin Gwari da Giwa da Chikun saboda 'yan bindiga: wata ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ta zabura. Irin wannan, ka fara tabbatar mata cewa nan inda take babu abin da zai same ta, ka bar ta ta zauna inda take ganin ƙofa.

Wurin zama ma magana ne. Kada a yi a ofishin malamai inda kowa ke kasa kunne, kada a yi a tsakar gida gaban kishiya ko facala. Ka kife wayarka, in da hali ka kashe ta. Littattafan Turawa suna cewa a kalli mutum cikin ido, amma a wurinmu yaro mai tarbiyya ba ya haɗa ido da babba, in ka tsare shi da ido sai ya ƙara rufewa. Ni nakan zauna gefe da gefe ne a benci ƙarƙashin dogon yaro, muna fuskantar waje guda. A gida kuwa nakan jawo tire mu riƙa tsince wake ko gyaran zogale. In hannu yana aiki, baki ya fi sakewa. Maza na iya yin tasu a hanyar dawowa daga sallar Isha'i, su biyu, ba a teburin mai shayi ba.

Kada ka buɗe da "me ke damunka?" Amsar a shirye take: "Babu komai, lafiya lau." An raine mu da zurfin ciki, kuma ba mu ɗauke shi aibi ba. Ka faɗi abin da idonka ya gani kawai, babu zargi a ciki. "Na ga kwana biyu in an tashi tara ba kya fita." Daga nan ka yi shiru. Shirun nan shi ne mafi wuya a dukkan aikin. Zai yi maka tsawo, bakinka zai yi ƙaiƙayi, za ka ji kamar dole ka cike gurbin da wata magana. Ka daure. A cikin shirun ne mutum yake auna ko za ka iya ɗaukar abin da zai faɗa.

Idan ya fara magana, aikinka shi ne ka mayar masa da abin da ka ji, da kalmominka, ka taɓo abin da yake ji a rai, ba labarin kawai ba. Bari in nuna yadda take kasancewa, da wata ɗaliba 'yar aji biyu na babbar sakandare da sakamakonta ya yi ƙasa.

Ta ce, "Malama, ni kawai na gaji da karatun nan."

Amsar da ke kan harshen kowannenmu ita ce, "Kul! Kin san yara nawa ke neman wannan damar?" Da na faɗi haka, da magana ta ƙare a nan. Sai na ce, "Kin gaji."

Ta daɗe tana murza bakin hijabinta. Can ta ce, "Kullum Baba sai ya ce Yaya ta zama nas, ni ko me zan zama."

Na ce, "Kina jin kamar duk abin da kika yi, da Yayarki ake gwada ki."

Ta girgiza kai. "Ba ma wannan ba, Malama. Zangon da na zo ta uku, har tsire ya sayo mini, ya kira ni uwata a gaban kowa. Da na zo ta goma sha biyu, in na durƙusa na gaishe shi da kai yake amsawa."

Na ce, "'Yata, kina tsoron son da yake miki a jikin sakamakonki yake rataye."

A nan ta fashe da kuka, kuma a nan ne ainihin maganar ta fara. Ka lura da cewa hasashena na biyu bai dace ba, ita ta gyara mini. Haka ake so. Mayar da magana ba nuna gwaninta ba ne, tambaya ce a sake: haka ne, ko ba haka ba? In mutum ya ce "ba haka ba ne", to ya matsa kusa da abin da yake nufi, kuma ya ji da kunnensa yana faɗar abin da ko a ransa bai taɓa jerawa ba. Ka guji maimaita kalmominsa tiryan-tiryan a kowace jimla, zai ji kamar kwaikwayonsa kake. Ka guji yawan "me ya sa?", domin a kunnen yaro tuhuma ce. "Yaya abin ya kasance?" da "Sai me ya biyo baya?" sun fi buɗe hanya. Rogers bai tsaya ga zato ba a kan wannan. Tun yana Jami'ar Jihar Ohio a farkon shekarun 1940 ya riƙa naɗar zaman shawara a faifai da izinin masu zuwa, shi da ɗalibansa su saurara su ga wace amsa ce ta sa mutum ya ci gaba, wacce ce ta toshe shi.

Abin da yarinyar nan ta bayyana, Rogers ya yi dogon bayani a kansa. Yaro yana buƙatar ƙauna kamar yadda yake buƙatar abinci. In ya fahimci ana ba shi ita ne bisa sharaɗi, in ya ci jarrabawa, in bai yi kuka ba, in bai nuna fushi ba, sai ya fara ɓoye duk ɓangaren kansa da bai cika sharaɗin ba, har ya ɓoye wa kansa. Tazara ta buɗe tsakanin yadda yake da yadda yake ganin dole ya zama, kuma a cikin tazarar nan damuwa ke yin sheƙa. Ina roƙon iyaye su riƙe wannan: a yi faɗa a kan sakamako in ya kama, amma kada a janye amsa gaisuwa, kada a janye fara'a. Mahaifin yarinyar nan yana sonta, ban yi shakka ba ko kaɗan. Bai san saƙon da shirunsa ke aikawa ba ne.

Maganin sharaɗi shi ne karɓa ba sharaɗi, kuma a nan mutane suka fi yi mini musu. Sukan ce, "Malama, wato in yaro ya ce yana shan kodin sai in ce masa madalla?" A'a. Karɓar mutum daban, amincewa da aikinsa daban. Tun watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin, amma duk wanda ke zaune a unguwanninmu ya san shaye-shaye bai ƙare ba, kuma yaron da ya iya buɗe baki ya gaya wa babba yana sha ya yi jarumta. In ka zabga salati ka dafe ƙirji, ka koya masa kada ya sake gaya wa kowa. Ka riƙe fuskarka. Ka ce, "Na gode da ka amince da ni. Tun yaushe abin ya fara?" Misalin da nake bai wa iyaye daga hadisi yake, wanda Imamu Ahmad ya ruwaito: saurayin da ya zo wurin Annabi (SAW) yana neman a yi masa izinin zina. Jama'a suka taso masa da tsawa. Annabi ya ce ya matso, ya zaunar da shi kusa, ya tambaye shi ko zai so haka ga mahaifiyarsa, ga 'yarsa, ga 'yar'uwarsa, ga gwaggonsa, ga innarsa. Saurayin da bakinsa ya riƙa cewa a'a. Sannan ya ɗora masa hannu ya yi masa addu'a. Ba a halatta masa komai ba, ba a kuma kore shi ba, kuma amsar daga bakinsa ta fito.

Sai gaskiya. Zahirinka da baɗininka su zama ɗaya. Mai damuwa yana saurin gane fara'ar ƙarya. In ka gaji, ko tukunya na kan wuta, gara ka ce, "Maganar nan ta fi ƙarfin a yi ta a tsaitsaye, ki dawo gobe bayan La'asar," kuma gobe ta same ka. In abin da ka ji ya tayar maka da hankali, kana iya cewa, "Wannan ya taɓa ni, ina jin tsoro a kanki." Abin da ba a so shi ne ka juya zaman ya koma labarinka.

Waɗannan uku, wato ganin abu da idon mai shi, karɓa ba sharaɗi, da gaskiya, suna cikin sharuɗɗa shida da Rogers ya zayyana a 1957, inda ya ce in sun cika sun wadatar mutum ya canja. Binciken da ya biyo baya ya nuna kyawun alaƙa tsakanin mai sauraro da wanda ake sauraro yana da tasiri sosai a kusan kowace irin hanyar jinya ta magana. Amma cewa sun wadatar a kowane hali, ban yarda ba, kuma masana da yawa ba su yarda ba. Akwai kuma wani wurin da nake rabuwa da shi. Ya yi tunaninsa ne a al'ummar da ke ganin mutum shi kaɗai ne alƙalin rayuwarsa. Yarinyar da ke gabana tana da uba da kawu da kaka, tana da addini, kuma waɗannan ba sarƙa ba ne a wuyanta, suna cikin abin da ya sa ta zama ita. Don haka idan muka zo neman mafita nakan tambaye ta, "Wa Baba yake jin maganarsa a gidanku?" Sau da yawa akwai wata gwaggo ko wani baffa da zai iya shiga tsakani ba tare da an zubar wa kowa da girma ba.

Shawara tana da lokacinta, kuma lokacin yana can ƙarshe. Ka fara tambaya, "Ke me kike gani za a yi? Me kika riga kika gwada?" Za ka yi mamakin yadda mutane suke zuwa da rabin amsarsu a hannu. In akwai bayanin da ba ta sani ba, kamar yadda ake sake rubuta jarrabawa ko inda ake koyon ɗinki, ka ba ta shi a matsayin bayani, ka bar mata zaɓi. Haƙuri ma a nan ne muhallinsa. Ba na raina shi, da shi muke rayuwa a garin nan da ya ga tashe-tashen hankula iri-iri. Amma Annabi Yaƙub (AS), wanda ya ce haƙuri mai kyau zai yi, shi ne kuma ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, ya ce yana kai kukansa da baƙin cikinsa ga Allah. Haƙuri bai hana a faɗi zafi ba. "Yi haƙuri" da aka faɗa bayan an saurari mutum sa'a guda tana sanyaya zuciya. Wadda aka faɗa a minti na farko, abin da yake ji shi ne "yi mini shiru". Ɗalibaina Kiristoci da ke zuwa daga wajen Kakuri su ma haka suke faɗa game da ayoyin da ake karanto musu tun ba su gama magana ba.

Abin da aka gaya maka amana ne. Hadisi ya zo cewa idan mutum ya yi magana sannan ya waiwaya, to maganar amana ce. Ba ta zuwa kunnen mijinki, ba ta shiga zauren WhatsApp na dangi, ko da da sunan "a taya ta da addu'a". Amma tun farko ka faɗi iyakarta a fili: "Abin da kika gaya mini tsakaninmu ne, sai dai in ranki ko na wani yana cikin haɗari, ko wani yana cutar da ke. In haka ne zan nemi taimako, kuma sai na gaya miki kafin in yi." Kada ka rantse cewa ba za ka gaya wa kowa ba tun ba ka ji maganar ba. Yarinyar da wani babba ke lalata da ita ba sauraro kaɗai take buƙata ba, tana buƙatar a raba ta da shi, a kai ta asibiti, a sanar da hukuma.

Akwai alamomin da in ka gan su, ka san abin ya wuce benci da tiren wake. Mutum ya shafe sama da mako biyu cikin ƙunci, ba ya jin daɗin komai, barci da cin abinci sun rikice. Ko yana jin muryoyin da babu mai jin su, ko yana zargin kowa na bin sa. Ko ya yi kwanaki ba barci amma yana ta surutu da ɓarnar kuɗi. Ko mai jego ta daina kula jaririnta tana ta kuka, ko maganarta ta rikice. Ko shaye-shayen ya kai in bai sha ba jikinsa na rawa. Mafi girma, in ya ce gara ya mutu ya huta. Kada ka ce masa "haram ne, daina faɗa" ka wuce, ya san haram ne, azaba ce ta kai shi nan. Ka tambaye shi kai tsaye, da murya a kwance: "Kana tunanin kashe kanka ne?" Bincike ya nuna wannan tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kwashe fiya-fiya da maganin ɓera da tarin ƙwayoyi daga inda hannunsa zai kai, a sanar da wani babba mai hankali a gidan, a tafi asibiti ranar.

A nan Kaduna muna da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa. Na san sunan Barnawa kaɗai yana sa wasu iyaye ja da baya, suna tsoron a ce 'yarsu ta haukace ta rasa miji. In hakan zai hana tafiya, a fara da likita a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ko babban asibitin da ya fi kusa, shi zai tura inda ya dace. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 ta zamanin mulkin mallaka, kuma ta tanadi haƙƙin masu wannan lalura, har da kare su daga wulaƙanci da wariya. Addu'a da ruƙiyya ba su hana ganin likita, a haɗa su. Ɗaure mutum da mari ko dukansa da sunan magani kuwa zalunci ne, ko wane ne ya yi.

Idan za a tafi, kada ka tsaya a "ku je asibiti". Ka raka su in da hali, ku fita da sassafe saboda layin yankar kati. A tafi da duk magungunan da yake sha a cikin kwalayensu, har da na gargajiya, a kuma tafi da wanda ke kwana gida ɗaya da shi, domin likita zai tambayi yaushe abin ya fara da yadda barcinsa yake. A gaban likita ka bar shi ya yi bayaninsa da bakinsa, kai ka cike abin da ya manta. In an ba da magani, a tambayi tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya fara aiki, domin magungunan ciwon damuwa sukan ɗauki makonni, kuma kada a daina sha ba da sanin likita ba don an ga sauƙi. A rubuta ranar komawa a inda kowa a gidan zai gani.